Hammata ka Magana

Shagona bai fi taku huɗu ba, a wani lungu kusa da titin Emir Yahaya a Sakkwato inda mu masu gyaran waya muke cunkushe kamar goro a huhu. Aikina na kullum canjin sikirin ne, da ɗaga aisi, wato 'yan ƙwaƙwalen nan da ke manne a fanel ɗin waya, da gyaran wurin caji. Amma tun bara duk wanda ya leƙo sai idonsa ya faɗa kan wani abu da ke rataye a ƙusa bayan kujerata: tsohon icen kalangu, ya yi baƙi don shan hannu, wayoyi ja da shuɗi suna leƙowa daga cikinsa kamar an farke cikin akuya. Kowa sai ya tambaya, ni kuma na gaji da ba da amsa guntu-guntu da ƙarfen soda a hannu. To ga ta nan gaba ɗaya.

Ni ɗan rundawa ne, waɗanda mutanen Kano ke ce wa mahauta. Kalangu kuwa kiɗan gidanmu ne, ba sai an gaya wa Basakkwace ba. Tun ina ƙarami akwai makaɗin da ke zuwa ƙofar gidanmu a Runjin Sambo duk sallah da duk suna, muna ce masa Baba. Ba ya sallama da baki. Tsayawa yake yi ya buga taken mahaifina, tsohon kuwa ko alwala yake yi sai ka ga ya ɗaga kai. Babu kalma ko ɗaya da ta fito daga bakin mutum, amma duk unguwa ta ji abin da aka ce. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki, na dai ajiye shi a rai na tafi koyon lantarki.

Wanda ya tono shi wani abokina ne mai situdiyo a Mabera, inda ake ɗaukar waƙoƙin biki da na siyasa. Duk kalangun da kake ji a waƙoƙinsa daga fiyano yake fitowa: an naɗi bugu ɗaya an raba shi kan maɓallai, yaro ya zauna yana dannawa da yatsa biyu. Wata rana ya ce tunda ina taɓa Arduino, me zai hana in haɗa masa abin da za a riƙa duka da makaɗi, ko kiɗan ya ɗan yi rai. Na ce ya ba ni sati biyu. Yau wata 14 ke nan.

Farkon aikin ba wuya, shi ya ruɗe ni. Akwai wani ɗan faifan tagulla mai farin tabo a tsakiya da ake kira fiyezo, shi ne ke yin "tii-tii" a cikin tsofaffin UPS, akwatunan nan masu riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, da agogon hannu. In ka ba shi wuta sai ya motsa ya yi ƙara, in kuma kai ka motsa shi, shi zai ba ka wuta. Wasu Faransawa biyu wa da ƙane, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan hali a jikin wasu duwatsu masu ƙyalli a 1880. Na ciro uku daga matattun UPS da ke jibge a shagon maƙwabcina, na manna ɗaya ƙarƙashin robar tub ɗin mashin da na ɗame a bakin gwangwanin fenti, na gicciya masa resista mai megom ɗaya don wutar ta sami hanyar zurarewa, na kai wayar ƙafar A0 ta Arduino Uno.

Ga wanda bai san shi ba, Arduino ɗan fanel ne da bai cika tafin hannu ba, an fara shi a garin Ivrea na Italiya a 2005 saboda ɗalibai. Ƙwaƙwalwar Uno aisi ce mai suna ATmega328P, gudunta megahaz 16, wurin aikinta kilobayit 2 kacal, ko hoto ɗaya na wayarka ba zai shiga ba. Amma tana iya auna wuta daga sifili zuwa bolt 5 ta mayar da ita lamba tsakanin 0 da 1023, har sau kusan 10,000 a sakan guda. Bugu mai ƙarfi ya ba da babbar lamba, lallausan bugu ya ba da ƙarama. Sai in aika wa laftof da saƙo a harshen MIDI, wanda kayan kiɗan lantarki ke magana da shi tun 1983, lokacin da Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan suka jagoranci daidaita shi. Saƙon gajere ne: a buga sauti mai lamba kaza, da ƙarfi kaza, kowannensu daga 0 zuwa 127. Laftof kuma ta saki kalangun da aka naɗa.

Matsalar farko, in na buga sau ɗaya sai in ji uku. Fiyezo ba ya yin shiru nan take, yana ci gaba da karkarwa bayan dukan, Arduino kuma duk tsallen da ya gani sai ya ɗauka sabon bugu ne. Na fara da ce masa ya toshe kunne na milisakan 30 bayan kowane duka. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma ku riƙe kalmar, don ita ce kuɗin da ake ciniki da shi a wannan sana'a. Toshe kunnen ya kashe bugun ƙarya, amma ya haɗa da na gaskiya, irin wanda makaɗi ke barin sandar ta yi tsalle ta sake taɓa fata. Daga baya na koma dabarar shinge: akwai tsayin da sai wuta ta tsallake shi kafin a ƙirga ta, da zarar an yi duka sai shingen ya tashi kusa da ƙarfin wannan dukan, sa'an nan ya riƙa saukowa a hankali. Karkarwar da ta rage ba ta iya tsallake shi, sabon bugu kuwa yana iyawa. Layi shida ne a cikin firogiram, amma sun ci mini dare huɗu.

Da na ga ya yi, sai na hau kabu-kabu da gwangwanina da laftof na nufi wurin Baba. Ya tsufa yanzu, idonsa ya yi rauni, amma hannun yana nan. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga wani abu na haɗo, a gwada mini." Ya shafa gwangwanin, bai ce komai ba, ya ɗauko makaɗinsa mai lanƙwasa ya buga kamar sau goma. Sai ya tsaya.

"Ɗana, abin ga naka shawara shika yi kahin shi amsa. In na buga sai shi tsaya tunani."

Ni ban ji wani jinkiri ba, har na so in yi gardama. Da na koma shago sai na auna: na ajiye waya tana naɗar murya, na buga, na buɗe abin da ta naɗa a manhajar sauti ta Audacity na duba tazarar da ke tsakanin "ƙwas" ɗin sanda da fitowar sauti daga lasifika. Milisakan 45. Sauti yana cin mita ɗaya a kusan milisakan 3, ke nan kamar kana duka a nan amma ƙarar na zuwa daga mita 15, can tsallaken titi. Masu binciken irin waɗannan kayan kiɗa sukan sa iyaka a milisakan 10, kuma sun fi tsananta wa kayan duka, don mai goge yana shiga sautinsa a hankali, mai kalangu kuwa lokacin da sanda ta taɓa fata shi ne komai. Kuma ba yawan jinkirin kaɗai ke ɓata rai ba, har da rashin tsayawarsa wuri ɗaya: wannan bugu 40, na gaba 50. Da jinkiri tsayayye ne hannu zai iya sabawa.

Laifin ba na Arduino ba ne sosai. Hanyar ce ta yi tsawo: daga fanel zuwa USB, zuwa wata manhaja mai juya saƙo, zuwa manhajar kiɗa, zuwa Windows, wanda shi ma yana tara sauti a ɗan rumbu kafin ya saki. Kowa a hanya sai ya karɓi nasa kamasho. Maganin shi ne a kori laftof gaba ɗaya, ƙwaƙwalwar da ke jin bugu ita ce za ta haifi sautin.

Abin da raina ya so shi ne Bela, wani fanel da Andrew McPherson da abokan aikinsa suka ƙera a jami'ar Queen Mary ta Landan musamman don wannan aiki, wanda jinkirinsa ke iya sauka ƙasa da milisakan ɗaya. Na lissafa kuɗinsa da fam, na ƙara na jirgi, na rufe shafin. Na sayi Teensy 4.0 ta hannun wani mai kawo mana kaya daga Legas. Girmansa kamar ɗan yatsa, gudunsa megahaz 600, kuma yana da tarin umarnin sauti da aka riga aka rubuta. Yana sarrafa sauti ɗigo 44,100 a sakan, a dunƙule-dunƙule na ɗigo 128, kowane dunƙule kusan milisakan 3. Na rage dunƙulen zuwa 32, na haɗa masa ɗan fanel na PCM5102 mai mayar da lamba sauti. Da na sake aunawa na sami milisakan 6, biyu daga ciki ma ni na sa su da gangan don a jira bugun ya kai ƙololuwa kafin a yanke hukuncin ƙarfinsa.

Teensy na farkon da na saya kwana biyu ya yi a duniya. Teensy 4.0 bolt 3.3 yake ɗauka, ba ya yafe ko 5, fiyezo kuwa in aka maka masa sanda yana iya tofar da bolt goma-goma. Uno ya saba haɗiye wannan wulaƙanci, shi ya sa na yi sakaci. Na sa a raina cewa ganganci ne na mai gyaran waya da ya san komai, na sake biyan kuɗin da ya kusa na ɗan akuya, wannan karon na tare ƙafar da resista da dayod biyu.

Na koma wurin Baba ina jin kaina. Ya buga, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu yana amsawa. Sai ya sa gwangwanin a hammata ya matse. Ba abin da ya canza. Ya sake matsewa har gwangwanin ya lotsa.

"Wanga ba kalangu ba na, ganga ta. Hannu bugu ɗai shika yi, hammata ka magana."

Wata huɗu ina fama da sanda, ashe ko ƙofar gidan ban shiga ba. Kalangu fata biyu ne a bakuna biyu na ice mai siririn ƙugu, tsarkiya ta ɗaure wannan da wancan. In makaɗi ya matse tsarkiyar da hammata fatun su ɗame murya ta hau, in ya saki ta sauka. Hausa kuwa da hawa da saukar murya take rarrabe kalmomi. Kuka na hawaye sama-sama yake tafiya, kuka ta miya ta hau ta sauko. Wuya ta wahala daga ƙasa take tashi, wuya na jiki daga sama yake saukowa. Abin da kalangu ke kwaikwayo ke nan, tare da tsawo da gajartar gaɓa, har mai sauraro ya cike sauran da kansa. Abin da nake ta mamaki tun ina yaro yana cikin hammatar Baba, ni kuma na kai sensata wurin sanda.

Ranar ya sa jikansa ya shiga ɗaki ya ɗauko wannan tsohon icen da fatarsa ta daɗe da fashewa. Ya ce in daina wahalar da gwangwani.

Auna matsi ya fi auna bugu wuya nesa ba kusa ba. Na fara da baƙin soson nan da ake soke ƙafafun aisi a ciki in an kawo su. Yana ɗauke da gawayi, in ka matse shi wuta ta fi wucewa. Na sa shi tsakanin falle biyu na tagulla, ya yi aiki na kwana uku, daga nan ya kwanta ya ƙi tashi, kuma ko da yana sabo in ka saki sai ya ɗauki lokaci kafin ya dawo. Sai na tuna da sikelin lantarki da yayana ke auna nama da shi. Na samo matacce na ciro ƙarfen da ke jin nauyi a cikinsa, da fanel ɗinsa na HX711. Wannan kam ba ya ƙarya, giram ɗaya ma yana gani. Sai dai an yi shi ne don tsokar da ke kwance kan faranti, awo 10 yake yi a sakan, in ka matsa masa ya yi 80. Murya ta riƙa hawa kamar mai taka matakala, tsalle-tsalle, maimakon ta zame.

Wanda ya tsaya a ƙarshe shi ne sensar Hall mai lamba 49E, 'yar ƙafa uku, irin wadda ke cikin totur ɗin kekunan lantarki. Ita mayen ƙarfe take ji: yana matsowa wutarta na canzawa, ba taɓawa ba gogayya, ba abin da zai cinye. Na je Madunka wurin masu aikin fata aka yanko mini tsarkiya ta fata kamar ta gaske, aka ɗaure ta yadda Baba ya nuna. Zoben baki ɗaya na ɗora shi kan sifirin huɗu, ta yadda in an matse tsarkiya zai nutsa 'yan milimita. Mayen ƙarfen yana jikin zoben, sensar tana jikin ice. Teensy yana leƙa ta sau dubu a sakan. A bakin da ake duka kuma na rufe robar da jemammiyar fatar akuya, don Baba ya ce sanda ba ta dawowa daidai a kan roba tsirara. Jar akuyarmu ce, wadda fatarta ta riƙa ƙetare Sahara da ayari har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Yanzu ga ta kan robar tub.

A nan ne na rabu da MIDI a cikin kayan, ko da yake na bar masa ƙofa saboda abokina mai situdiyo. An gina MIDI ne da tunanin fiyano: sauti yana da lamba, lamba 69 ita ce karkarwa 440 a sakan, daga ita sai 70, matakai 12 kafin murya ta ninka. Akwai saƙon lanƙwasa murya, mai matakai 16,384, amma yawancin kayan kiɗa in ba ka canza ba mataki biyu sama biyu ƙasa kawai suke lanƙwasawa. Na naɗi Baba a kan kalangunsa na gaske na duba, tsakanin sakakkiyar tsarkiya da matsattsiya muryar ta kusa ninkawa, kuma ba ta zama kan ko ɗaya daga matakan fiyano, tsakaninsu take yawo. Shi ya sa kalangun situdiyo ke yi wa kunnena kamar Bature yana karanta Hausa: haruffan daidai, muryar ta wani wuri.

Na kuma daina amfani da naɗaɗɗen sauti. In ka ja shi sama sai ya gajarce ya zama kamar kaset da aka ƙara wa gudu. Gara a gina sautin daga tushe. Tsirkiyar molo in ta kaɗa, muryoyin da ke rakiyar babbar muryarta ninki biyu ne, uku, huɗu, shi ya sa take da daɗin waƙa. Fata mai da'ira ba haka take ba: a lissafi rakiyarta tana kan 1.59, da 2.14, da 2.30, da 2.65 na babbar muryar. Na fara da waɗannan, kowace da saurin mutuwarta, na ƙara ɗan "tas" na sanda a farko. Lissafin na fata ɗaya ne a sarari, kalangu kuwa fata biyu ne da iska a tsakani, don haka sauran gyaran da kunne aka yi shi, Baba yana bugun nasa ina murɗa nawa. Akwai wani ƙaramin abu da ya ƙara masa rai ƙwarai: duka mai ƙarfi yana ƙara ɗame fata na ɗan lokaci, murya ta ɗan haura ta dawo. Da na sa wannan, jikan Baba da ke waje ya leƙo ya ga wa ke kiɗa.

Kuskure biyu suka rage, duka nawa. Na farko, firogiram ɗina yana duba matsin hammata ne a daidai lokacin bugu, ya zaɓi murya, shi ke nan ya riƙe ta har sautin ya mutu. Tunanin fiyano bai gama fita daga kaina ba ke nan. Baba ya gwada wani take ya kasa, ya ce, "Shina iya cewa kai wanda nika kira, bai iya cewa kai wanda ab bisa wuya." Na yi shiru ina maimaita kalmomin biyu a baki. Kai na kiran mutum sama yake tsayawa. Kai na jiki daga sama yake faɗowa a cikin gaɓa ɗaya. Makaɗi yana matsewa tun kafin sanda ta sauka, ya buga, sa'an nan ya saki fatar tana cikin kuka. Dole muryar ta bi hammata a kowane ɗigo, tun daga haihuwar sautin har mutuwarsa. Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba. Amma lambobin sensa suna da 'yar rawa, in ka bi su kai tsaye murya ta yi ta makyarkyata, in kuma ka lallashe su da yawa jinkiri ya dawo ta taga. Na tsaya a tace na kusan milisakan 4, ban ce shi ne daidai ba, shi ne dai inda Baba ya daina ɓata fuska.

Na biyu ya fi ba ni kunya, don a makaranta an koya mana. Na raba muryar daidai wa daida: rabin matsi, rabin hawa. Baba ya riƙa zarce inda yake nufi, ya ce, "Sama ta yi arha. Ga kalangu na gaskiya sai ka biya da ƙarhi kana ka kai can." Gaskiyarsa. Kafin muryar fata ta ninka biyu sai ɗaurinta ya ninka huɗu. Hawan farko da sauƙi, na ƙarshe sai an haɗa da haƙarƙari. Shekara fiye da hamsin hammatarsa tana wannan lissafi ba tare da alli ba. Na sa tushen murabba'i a cikin firogiram, na haɗa da wani jadawali mai gyara karkatar mayen ƙarfen, don shi ma ƙarfinsa ba ya raguwa daidai da nisa. Da ya sake gwadawa bai ce ya yi ba, ya dai ci gaba da kiɗa bai tsaya ba, har aka kira la'asar.

Sai garin Sakkwato ya shigo da nasa. Waɗanda ke rubuta darussan nan a intanet a ɗaki mai sanyi suke zaune. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40 a waje, cikin shagona mai rufin kwano gam ɗin kyandir da na manna sensa da shi ya yi laushi, ta zame, kalangu ya wayi gari da muryar mace. Na koma gam mai haɗi biyu da ƙananan kusoshi. Da damina ta sauka tsarkiyar fata ta sha raɓa ta saki. Da hunturu ta bushe ta ɗame. Na sa faranti biyu na tagulla a gefen fata da fanel ɗin MPR121 don su ji yatsun hagu in makaɗi ya danne sauti, to da bazara gumi ya sa suna jin yatsan da bai taɓa ba, da hunturu kuma yatsun Baba suka bushe suka yi kaushi har faranti ya daina ganinsu. Yanzu duk lokacin da aka kunna, sakan biyu na farko ba a taɓa shi, yana auna inda tsarkiya take a sake, sa'an nan a matse iya ƙarfi sau ɗaya ya san iyaka. Da na yi wa Baba bayani dariya ya yi, ya ce ai shi ma ba ya fara kiɗa sai ya ja tsarkiya ya ji yadda ta kwana.

Wuta ma da nata. In an ɗauke aka tayar da janareta, cajar banza tana shigo da wani gurnani cikin lasifika, wani lokaci har fiyezo ya ɗauka bugu ne, kalangu ya riƙa kiɗa shi kaɗai a ƙusa kamar mai iskoki. Fawabank kuma kashe kansa yake yi in ya ga abin da ake ja bai taka kara ya karya ba. Na fasa mataccen batirin laftof na zaɓi ƙwaya biyu na 18650 masu sauran rai, na haɗa da ɗan fanel na caji TP4056, na cusa su cikin ƙugun icen. Suna kai ni yini.

Abokina mai situdiyo ya karɓa ya yi sati da shi ya dawo mini da abina. Yaronsa mai fiyano ya ce abin yana da wuya, sai mutum ya iya kalangu kafin ya iya shi. Ban san ko yabo ba ne ko ƙorafi, na dai mayar da shi ƙusa. Mutane sukan ce mini ai Turawa sun daɗe da wuce nan, tun wajen 1920 Leon Theremin na Rasha ya ƙera abin kiɗan da ko taɓa shi ba a yi, hannu kawai ake kaɗawa a iska. Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa gwada irinsa zai gaya maka wahalarsa ita ce rashin abin da zai tura hannunka baya. Ni abin da nake nema akasin haka ne, abin da zai yi gardama da jiki.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauki Baba a Keke Napep zuwa gidanmu, ban gaya wa kowa ba. Ya tsaya ƙofar gida inda ya saba tsayawa, na ɓoye lasifikar bayan tukunyar ruwa, ya rataya icen ya buga taken mahaifina. Tsohon yana ciki yana jan carbi. Bai kai ƙarshen layi na biyu ba muka ji ya yi gyaran murya ya ce a shigo da Baba, a kawo masa ruwa. Sai da ya fito ya ga wayoyi ya tsaya yana kallona.

A hanyar komawa na kasa haƙuri, na ce, "Baba, yanzu fa?"

Ya ce, "Kunnena ya yarda. Awazata ba ta yarda ba."

Kalangu na gaske in an buge shi icen yana karkarwa a jikin haƙarƙarin mai shi, ta nan yake jin inda muryarsa take tun kafin kunne ya kawo labari, balle a tsakiyar taron biki inda ba ka jin ko naka numfashi. Nawa shiru yake a jiki, sautin yana can bayan tukunya. Na ciro lasifikar wata tsohuwar rediyo na yanke takardarta na manna gindinta a cikin icen don ta girgiza shi. Tana girgizawa kuwa, har fiyezo yana jin girgizar ya ɗauka sabon bugu ne, ya sake saki, ta sake girgizawa, abin ya zama kuka ba tsayawa. Na gwada raba su da soson takalmi, ya rage bai daina ba. Yanzu ina gwada sa shingen ya riƙa tashi daidai da ƙarfin sautin da kayan ke fitarwa da kansa, kuma na aika Legas a kawo mini ƙaramin amfilifaya na MAX98357A don in daina aron na rediyon. Direban ya ce ranar Talata motar za ta shigo.